Yadda ake tantance matashin ɗan ƙwallo kafin ya shiga sahun ƙwararru: daga filayen Yola da Jimeta zuwa manyan kulob

Tantance matashin ɗan ƙwallo aiki ne na auna abin da yaro yake iya yi a yau, tare da hasashen abin da zai iya zama nan da shekara biyar ko goma. A kan wannan hasashe ne kulob ke kashe kuɗi, iyaye ke yanke shawarar barin ɗansu ya bar gida, shi kuma yaron yake jingina ƙuruciyarsa, wani lokacin har da karatunsa. Idan hasashen ya yi daidai, gida guda na iya fita daga talauci. Idan ya kuskure, akan wayi gari da saurayi mai shekara 25 wanda ba shi da kulob, ba shi da takardar makaranta, ba shi kuma da sana'a.

A Yola da Jimeta, kamar sauran biranen Arewa, wannan aiki yana gudana kusan kowace yamma, ko da ba a kira shi da sunansa ba. Wannan bayani ya duba inda ake ganin matasan, abin da masu tantancewa ke nema, dokokin da suka shafi harkar, da darasin da ke cikin tsarin Amurka, inda aka mayar da tantance ɗaliban jami'a babbar sana'a mai zaman kanta.

Fagen da matasan ke tasowa

Yola, wadda Modibbo Adama ya kafa a 1841, ita ce mazaunin Lamiɗon Adamawa kuma babban birnin jihar da aka ƙirƙiro a 1991 daga tsohuwar Jihar Gongola. Jimeta, da ke bakin kogin Binuwai, ita ce cibiyar kasuwanci da ofisoshin gwamnati. A unguwanni irin su Luggere, Nasarawo, Jambutu, Demsawo, Karewa da Wuro Hausa, filayen makarantun firamare da sakandare su ne wuraren da yara ke fara buga ƙwallo, mafi yawa a kan turɓaya ko ƙasa mai tauri.

Yanayin garin yana da tasiri a kan irin ɗan wasan da yake fitarwa. A watannin Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40, saboda haka atisaye kan kasance da sassafe ko bayan la'asar. Filin da ba shi da ciyawa yana sa ƙwallo ta riƙa tsalle ba bisa ƙa'ida ba, abin da ke koya wa yaro saurin tarar ƙwallo, amma yana hana shi saba wa ba da ƙwallo ta ƙasa mai tsawo. Mai tantancewa da ya san aikinsa yakan sa wannan a lissafi kafin ya yanke hukunci.

Babban filin wasa da aka fi sani a Jimeta shi ne na dandalin Ribadu. Kulob ɗin jihar, Adamawa United, ya hau gasar Firimiya ta Najeriya a 2019, ya kuma koma rukuni na ƙasa a 2021. A wancan zama da ya yi a babbar gasar, ya buga wasanninsa na gida da dama a filin Pantami da ke Gombe, mai nisan sama da kilomita 200 daga Yola. Wannan ya rage wa matasan garin damar ganin manyan kulob da idonsu, ya kuma rage zuwan masu farautar 'yan wasa. A ɓangaren mata akwai Adamawa Queens, wadda ta buga babbar gasar mata ta ƙasa.

A can gabas, tsallaken iyaka, akwai Garwa ta ƙasar Kamaru, ita ma a bakin Binuwai. Kulob ɗinta, Coton Sport, ya kai wasan ƙarshe na gasar Zakarun Afirka a 2008, kuma daga nan ne Vincent Aboubakar ya tafi Valenciennes ta Faransa a 2010, kafin ya ci wa Kamaru ƙwallon da ta ba ta kofin Afirka a 2017. Garwa shaida ce cewa nisa da gaɓar teku ba ya hana gari fitar da 'yan wasa, matuƙar akwai kulob mai tsari.

Matakan da ɗan wasa ke hawa

A Najeriya babu rana guda da kulob ke haɗuwa su raba sababbin 'yan wasa a tsakaninsu. Hanyar mataki-mataki ce. Yaro kan fara da ƙungiyar unguwa, ya shiga gasar makarantu ko ta ƙaramar hukuma, sannan makarantar horar da ƙwallo ko gasar da hukumar ƙwallon jiha ke shiryawa. A saman waɗannan akwai rukuni uku na ƙasa: NLO a mataki na uku, NNL a mataki na biyu, sai NPFL, wato gasar Firimiya mai kulob 20.

Akwai kuma gasannin da suka zama dandalin baje koli. Kofin Ramat, wanda ƙungiyar wasannin matasa ta YSFON ke shiryawa a Kano domin tunawa da marigayi Janar Murtala Ramat Muhammad, ya daɗe yana tara yara daga jihohi. Gasar Wasannin Matasa ta Ƙasa ta shafi 'yan ƙasa da shekara 15, yayin da Bikin Wasanni na Ƙasa, wanda aka fara a Legas a 1973, ke tara manya. Gasar cin kofin ƙalubale, wadda ake farawa daga matakin jiha, ita ce ke bai wa ƙaramar ƙungiya damar karawa da babba. El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta ɗauki wannan kofi a 1991 da 1992, ta sake ɗauka a 2024.

Kafin kowace kaka, kulob da yawa kan buɗe gwaji ga duk mai sha'awa. Matasa kan cika fili, a raba su rukuni-rukuni, kowa ya samu 'yan mintoci. Wannan hanya tana da arha, amma ita ce mafi rauni, domin tana fifita mai gudu da mai yawan yanka a kan mai tunani, kuma yaron da ya kwana a mota kafin ya iso ba zai nuna ainihin iyawarsa ba.

Tsarin Amurka da matsayin madugu

A Amurka, ƙwallon da ake kira ta Amurka, mai kama da zari-ruga, tana da tsari daban. Gasar ƙwararru ta NFL mai kulob 32 tana gudanar da zaɓen sababbin 'yan wasa sau ɗaya a shekara, a ƙarshen watan Afrilu, al'adar da ta faro a 1936. Zaɓen yana da zagaye bakwai, kuma kulob ɗin da ya fi kowa rashin nasara a kakar da ta wuce shi ke fara zaɓa, domin a daidaita ƙarfi. Kusan duk waɗanda ake zaɓa daga jami'o'i suke fitowa, kuma sharaɗi ne ɗan wasa ya cika shekara uku da gama sakandare.

Matsayin da aka fi tsananta bincike a kansa shi ne na kwatabak, wato madugun hari. Shi ke karɓar ƙwallo a farkon kowane yunƙuri, ya karanci yadda abokan hamayya suka jeru, ya yanke shawara cikin daƙiƙa biyu ko uku, sannan ya jefa wa wanda ya dace. Kafin zaɓe, masu farautar 'yan wasa kan kalli bidiyon wasannin da ɗalibin ya buga a jami'a, suna duba daidaiton jifarsa, ƙarfin hannunsa, yadda yake taka ƙafa, da yadda yake kasancewa idan an rutsa shi. Sai taron gwaji na shekara-shekara a birnin Indiyanafolis, inda ake auna tsawo, nauyi da faɗin tafin hannu, a gwada gudun yadi 40, wato kusan mita 37, likitoci su duba lafiya, masu horarwa kuma su zauna da shi su ba shi allo ya zana dabarun wasa.

A ƙwallon ƙafa, wanda ya fi kusa da wannan matsayi shi ne ɗan wasan tsakiya mai raba ƙwallo, wanda 'yan kallo ke kira mai lamba 10, ko kuma wanda ke zama a gaban masu tsaron baya yana tsara wasa. Austin Okocha da John Mikel Obi su ne misalan da kowa ya sani, kuma a gasar cikin gida Rabi'u Ali na Kano Pillars ya daɗe yana riƙe da irin wannan aiki. Dukansu biyu, madugun Amurka da mai raba ƙwallo, kansu ne jarinsu kafin ƙafa ko hannu, shi ya sa tantance su ya fi na kowane matsayi wuya.

Abin da ake dubawa a fili

Masu horarwa a ƙasashe da dama kan kasa tantancewa gida huɗu: gwaninta da dabara, ƙarfin jiki, natsuwar zuciya, da zaman tare da mutane.

Abu na farko shi ne taɓawar farko. Ana duba ko ɗan wasa yana tsayar da ƙwallo inda zai iya amfani da ita nan take, da kuma ko yana juya jikinsa zuwa gaba kafin ta iso. Wanda yake buƙatar taɓawa uku kafin ya mallaki ƙwallo zai iya haskawa a unguwa, amma a babbar gasa za a ƙwace ta kafin ya ɗaga kai. Ana kuma duba ƙafarsa ta biyu, domin mai ƙafa ɗaya ya toshe wa kansa rabin fili.

Abu na biyu shi ne waiwaye. Binciken da masanin nan ɗan ƙasar Norwe, Geir Jordet, ya yi a kan manyan 'yan wasan tsakiya ya nuna cewa waɗanda ke yawan juya kai suna duba gefe da baya kafin ƙwallo ta zo musu sun fi ba da ita daidai. Saboda haka gogaggen mai tantancewa yakan ɗauke idonsa daga ƙwallo ya zuba wa yaron, ya ga sau nawa yake waiwaya a daƙiƙoƙin da suka gabaci karɓarta.

Abu na uku shi ne zaɓi. Ba da ƙwallo mai tsawo da ke sa 'yan kallo ihu ba ita ce ma'auni ba. Ma'aunin shi ne ko ya san lokacin hanzarta wasa da lokacin sanyaya shi, lokacin kutsawa da lokacin mayar da ƙwallo baya. Ana kuma lura da nauyin ƙwallon da ya bayar: ko ta isa ga abokinsa a ƙafar da ta dace, da ƙarfin da zai iya ɗauka ba tare da ya rage gudu ba.

Abu na huɗu shi ne abin da yake yi idan ƙwallo ba ta wurinsa. A cikin minti 90, ɗan wasa kan riƙe ƙwallo na 'yan mintoci kaɗan ne kawai. Sauran lokacin yana tafiya ne a neman gurbi, buɗe wa abokai hanya da tare abokan hamayya. Daƙiƙa biyar da ke biyo bayan rasa ƙwallo suna faɗin abubuwa da yawa: wani ya juya ya bi ta, wani ya tsaya yana ɗaga hannu yana zargin abokinsa.

A ɓangaren jiki, ana auna gudun gajeren zango na mita 10 zuwa 30, tsalle, saurin juyawa da juriya. Ɗan wasan tsakiya a manyan gasanni kan yi tafiyar kilomita 10 zuwa 12 a wasa guda. Gwajin juriya da aka fi sani shi ne na kai-komo a tazarar mita 20 da ake kira Yo-Yo, wanda masanin ƙasar Denmak, Jens Bangsbo, ya ƙirƙiro, kuma ba ya buƙatar komai sai fili, alamomi da na'urar sauti.

Hali shi ne mafi wuyar aunawa. Akan tambayi mai horarwarsa na farko da malamansa: yana zuwa atisaye a kan lokaci, yana karɓar gyara, yaya yake yi idan an ajiye shi a benci. Ana kuma son a gan shi a wasan waje, a gaban 'yan kallon da ba nasa ba, lokacin da aka riga aka ci ƙungiyarsa. Hausawa na cewa ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Wannan ne dalilin da ya sa ƙwararrun masu farauta ba sa yanke hukunci da kallo ɗaya, kuma ba sa dogara da guntun bidiyon da aka tsinto wurare masu kyau kaɗai aka haɗa. Cikakken wasa, daga busar farko zuwa ta ƙarshe, shi ne shaida.

Matsalar shekaru

Duk hasashe a kan matashi ya rataya ne a kan sanin shekarunsa na gaskiya. Abin da ya zama bajinta ga mai shekara 16 abu ne na yau da kullum ga mai shekara 21. Idan aka rage shekaru, an yaudari kulob, an kuma danne haƙƙin yaran da suka cancanci gurbin.

Najeriya ta ɗauki kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 sau biyar, a 1985, 1993, 2007, 2013 da 2015, fiye da kowace ƙasa. A gasar 2009 da Najeriya ta karɓi baƙunci ne hukumar FIFA ta shigo da hoton MRI na wuyan hannu. Hoton yana nuna ko gurbin girma da ke ƙarshen ƙashin hannu ya gama haɗewa. An kasa sakamakon mataki shida, kuma wanda ya kai mataki na shida, wato haɗewa gaba ɗaya, ba ya shiga gasar. A 2016, 'yan wasa 26 daga sansanin Golden Eaglets suka kasa tsallake wannan gwaji gab da karawa da Jamhuriyar Nijar, wadda ta fitar da Najeriya daga neman gurbin gasar Afirka.

Gwajin bai faɗin ranar haihuwa, girman ƙashi kawai yake nunawa, kuma yara suna bambanta wajen saurin girma. Saboda haka takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, wadda aka yi tun yaro yana jariri, tare da bayanan makarantar firamare da lambar shaidar zama ɗan ƙasa, su ne kariya mafi ƙarfi ga mai gaskiya. Akwai kuma wani tarko ko da shekarun daidai suke: a cikin 'yan shekara 14, wanda ya riga ya balaga kan fi sauran ƙarfi da gudu, sai a ɗauke shi a bar ƙaramin da ya fi shi basira. Bayan shekara uku jiki kan daidaita, a lokacin kuma mai basirar ya riga ya bar ƙwallo.

Binciken lafiya

Babu tantancewar da ta cika ba tare da likita ba. A 1996, bayan Nwankwo Kanu ya jagoranci Najeriya ta ɗauki zinare a gasar Olamfik ta Atlanta, binciken likitoci a kulob ɗin Inter Milan ya gano matsala a zuciyarsa. An yi masa tiyata a Amurka, ya dawo ya buga ƙwallo na tsawon shekaru. Samuel Okwaraji ya faɗi ya rasu a filin wasa na Legas ranar 12 ga Agusta, 1989, ana tsakiyar wasa da Angola. A Maris na 2020, Chineme Martins na Nasarawa United ya rasu bayan ya faɗi a fili a Lafiya.

Binciken da ya kamata a yi ya haɗa da tarihin lafiyar iyali, awon hawan jini, hoton bugun zuciya, gwajin jini har da na sikila, da duba gwiwa da idon sawu domin gano tsohon rauni. A gari mai zafi irin Yola, sanin yanayin jini da kula da shan ruwa a lokacin gwaji abubuwa ne da suka shafi rai.

Inda hasashe ke kuskurewa

Duk da maƙudan kuɗin da Amurkawa ke kashewa, tarihin zaɓensu cike yake da kurakurai. A 1998 an yi ta muhawara a kan wanda ya fi tsakanin Peyton Manning da Ryan Leaf. An zaɓi Manning na farko, Leaf na biyu. Manning ya zama gwarzon gasar sau biyar, Leaf kuwa bai daɗe a gasar ba. A 2000, an zaɓi madugai shida kafin Tom Brady, wanda ya zo na 199 a zagaye na shida, amma ya ɗauki kofin Super Bowl sau bakwai. A 2022, Brock Purdy ne na ƙarshe, na 262, kuma a Fabrairun 2024 ya jagoranci San Francisco zuwa wasan ƙarshe. Abin da ma'auni ya kasa kamawa a waɗannan misalai shi ne saurin fahimta, juriya da irin kulob ɗin da ɗan wasa ya faɗa.

Haka abin yake a ƙwallon ƙafa. Kelechi Iheanacho, gwarzon gasar 2013, da Victor Osimhen, wanda ya ci ƙwallo 10 a gasar 2015 a Chile, sun kai manyan gasannin Turai. Amma Macauley Chrisantus, wanda ya fi kowa cin ƙwallo a 2007, da Sani Emmanuel, gwarzon gasar 2009, ba su kai matsayin da aka yi musu hasashe ba. Shi kansa Osimhen bai ci ko ƙwallo ɗaya a gasar Jamus ba lokacin da yake Wolfsburg, sai da ya koma Charleroi ta Beljiyam tauraronsa ya haska. Rauni, rashin samun lokacin wasa, sauyin mai horarwa, sanyi da kaɗaici duk suna iya karkatar da makomar yaro.

Misali daga Yola

Emmanuel Dennis, wanda aka haifa a Yola a 1997, ya nuna yadda hanyar take. Daga wata makarantar ƙwallo ya tafi Zorya Luhansk ta Yukiren a 2016, sannan Club Brugge ta Beljiyam a 2017. Ranar 1 ga Oktoba, 2019, ya ci Real Madrid ƙwallo biyu a filin Santiago Bernabeu a gasar Zakarun Turai, aka tashi 2 da 2. A 2021 ya koma Watford ta Ingila, inda ya ci ƙwallo 10 a kakarsa ta farko a gasar Firimiya, kafin Nottingham Forest ta saye shi a 2022.

Abin lura a tafiyarsa shi ne, sai da ya bar jiharsa kafin idon kulob na waje ya kai kansa, kuma ya fara ne da gasa matsakaiciya inda ya samu damar buga wasa. Ahmed Musa ma ta VVV-Venlo ta Holan ya bi a 2010, bayan ya ci ƙwallo 18 a gasar cikin gida da Kano Pillars. Kulob ɗin da zai sa yaro a fili ya fi masa amfani a kan mai babban suna da zai ajiye shi a benci.

Dokokin da ke kare matashi

Dokar FIFA ta hana sauya sheƙar ɗan wasa zuwa wata ƙasa kafin ya cika shekara 18, sai a 'yan wurare ƙalilan, kamar idan iyayensa sun yi ƙaura saboda dalilin da bai shafi ƙwallo ba. Ɗan ƙasa da shekara 18 ba ya sa hannu a kwantiragin da ya wuce shekara uku. Kowace sauya sheƙa tsakanin ƙasashe tana bi ta na'urar rajista ta FIFA, wadda ta zama dole tun 2010.

Dokar ta kuma tsara gwaji a ƙasar waje. Dole ne kulob ya cike takardar gayyata a hukumance. Ga mai shekara 21 zuwa ƙasa, gwaji a kulob ɗaya ba ya wuce mako takwas a kaka, kuma an haramta neman kuɗi ko karɓarsu saboda gwajin. Wakilin 'yan wasa kuma dole ne ya mallaki lasisin FIFA, kuma ba ya ƙulla yarjejeniya da ƙaramin yaro sai da amincewar iyaye a rubuce. Duk wanda ya zo yana neman a sayar da gona ko shanu domin kuɗin biza da gwaji, ba tare da takardar da za a iya tabbatarwa daga kulob ba, abin a kai rahotonsa ne ga hukumar ƙwallon jiha ko hukumar yaƙi da fataucin mutane ta NAPTIP.

Ƙananan ƙungiyoyi su ma suna da haƙƙi. Idan aka sayar da ƙwararren ɗan wasa daga ƙasa zuwa ƙasa, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa kulob ɗin da suka rene shi tsakanin shekara 12 zuwa 23. Akwai kuma diyyar horarwa da ake biya idan ya sa hannu a kwantiraginsa na farko. Amma ƙungiyar da ta yi rajista da hukuma, ta kuma yi wa yaron rajista da sunanta, ita kaɗai ke iya karɓa. Ƙungiyar unguwa da ta reni yaro shekara biyar ba tare da takarda ba, ba ta da abin nunawa ranar rabo.

Gurbin makarantu

Babban bambancin tsarin Amurka shi ne, ɗan wasa yana jami'a ake tantance shi, saboda haka wanda ba a zaɓa ba yana da karatun da zai koma wa. Ta wannan hanya ce Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, ya zama na farko a zaɓen ƙwallon kwando na 1984 daga Jami'ar Houston, Christian Okoye kuma ya shiga NFL a 1987. A 'yan shekarun nan gasar NFL ta fara neman matasa kai tsaye a Afirka, inda ta yi sansanin gwaji a Gana a 2022 da Legas a 2024, tare da tsohon ɗan wasanta Osi Umenyiora.

Najeriya ma ta taɓa cin moriyar haɗa karatu da ƙwallo. Segun Odegbami ya yi karatun injiniya a kwalejin fasaha ta Ibadan, Adokiye Amiesimaka kuma ya karanci shari'a a Jami'ar Legas, dukansu suna cikin tawagar da ta ɗauki kofin Afirka a 1980. Gasar wasannin jami'o'i ta NUGA ta faro a 1966, kuma a 2018 aka ƙaddamar da gasar ƙwallon manyan makarantu ta HiFL. Yola na da Jami'ar Modibbo Adama, Jami'ar Amurka ta Najeriya, Kwalejin Ilimi ta Tarayya da Kwalejin Fasaha ta jiha, ga kuma Jami'ar Jihar Adamawa a Mubi. Waɗannan makarantu suna da filaye, malaman motsa jiki da bayanan ɗalibai, wato abubuwan da tantancewa mai inganci take buƙata.

Sai dai a ƙwallon ƙafa ana zama ƙwararre da wuri, sau da yawa tsakanin shekara 17 zuwa 20, don haka makarantun sakandare ne suka fi dacewa da zama matattarar farko. Gasa mai ɗorewa tsakanin makarantu, wadda ake rubuta sunan kowane yaro, ranar haihuwarsa, wasannin da ya buga da raunin da ya taɓa ji, tare da ɗaukar cikakken bidiyo ko da da wayar hannu ce, za ta bai wa duk mai farautar da ya sauka a Yola abin dubawa na shekaru, maimakon kallon yamma ɗaya. Ga iyaye kuwa, abubuwa huɗu ne ke hannunsu: takardar haihuwa ta gaskiya, binciken likita, tabbatar da lasisin duk wakilin da ya zo, da kuma kada yaro ya bar aji kafin a ga kwantiragi a rubuce.